Nauyin Inna a Bayan Moto

Ku masu kabu-kabu da kuke tsayawa bakin rumfata ko injin ba ku kashe ba, kuna cewa, "Iya, juya mini zoben nan, sauri nake," ku kuka sa na ɗauki biro. Karatuna na manya ne, da goyo a baya na yi shi, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da shi. A wurinku aikin nan juya zobe ne kawai, kowa ya iya. To ni na tsufa a cikinsa, kuma har gobe akwai moton da nake tsugunawa a gabansa ban san ko ɗaurewa zan yi ko sassautawa ba.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan zama ne. An kawo ni Matameye daga ƙauyenmu da ke gaba da Yauri, na shigo gidan Baba Ɗanjuma mai gyaran keke da moto, ina auren ɗansa Sale. Da an kai amfanin gona gida sai maigidan nawa ya rataya jaka ya tafi cin rani Kano kamar sauran mazan unguwa, ba a ƙara ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Gida ya rage daga ni sai Baba, don matarsa ta rasu tun kafin zuwana. A zaure yake aiki, saboda hasken rana na sa idonsa hawaye. Wata rana na kawo masa fura na iske shi da wani malamin gona, ya zo da irin moton nan na daji mai dogayen ƙafafu wanda gwamnati ke ba masu shiga ƙauyuka. Mutumin zai riƙa ɗaukar matarsa, kuma bai zo da ita ba. Baba ya dube ni, ya dubi moton.

"Ƴar nan, ajiye kwanon. Hau baya."

"Baba?"

"Ba inda za ku. Nauyi nake nema."

Ya naɗe buhu ya sa tsakanina da malamin, na hau ina rufe fuska da gyale. Na ji moton ya ɗan nutsa ƙarƙashina. Baba ya tsuguna da wani guntun kara yana gwadawa, ya ce mu sauka, ya juya wani abu, ya ce mu sake hawa. Daga ranar duk wanda ya zo ba da matarsa ba, ni ce matar. In buhun gero ne bai kawo ba, ni ce buhun.

Daga can sama na fara gane abin. A bayan moto akwai sanduna biyu, dama da hagu, kowace murɗaɗɗen ƙarfe ya naɗe ta. A gindin murɗaɗɗen ƙarfen akwai zobe mai hawa-hawa kamar matakala, hawa biyar. In ka hau da zoben sama, ka matse ƙarfen tun ba wanda ya zauna, sai moto ya tsaya da tsawonsa ya ɗauki kaya bai durƙusa ba. In ka sauko da shi, ɗan nauyi kaɗan ya isa ya nutsar da shi. Sunan abin ne ya daɗe yana wahalar da ni. Wanda ya zauna Najeriya ya ce shoka ɗinsa ta mutu, ko ya ce sifirin. Ma'aikacin sarwisi, wato na gwamnati, ya ce amortisar, ya ce rasor. Baba kuwa ƙugu yake cewa. Na daɗe ina zaton abubuwa ne daban-daban, in ba kowa a zaure sai in leƙa ƙarƙashin moto ina neman inda sauran suka ɓuya.

Kayan aikinmu ba su cika kwarya ba. Akwai kile, wato sifana, mai ƙugiya, wanda maƙeri ya ƙera wa Baba daga karyayyen ƙarfen kamiyo, babbar motar kaya, shi ake maƙalawa a zoben a ja. Akwai tsohon turmi da gindinsa ya tsage, da tsumma, da kwalbar kananzir, sai kara. Karan dawa ya fi, na gero yana lanƙwasa. Kafin ka taɓa komai sai ka goge sandar da zoben, don yashi na shiga ya cije, in ka ja da ƙarfi ƙugiyar ta zame ta kwashe maka fatar yatsu. Sannan ka kife turmi, ka ɗora cikin moton a kai har tayar baya ta bar ƙasa. Ka aza kara daga bulon ɗin taya, ƙusar da ta riƙe tayar, zuwa ƙasan sirdi, ka yi shaida da farce. Ka sauke moton, mai shi ya hau da duk abin da zai ɗauka, ka sake gwadawa. Abin da ya nutsa shi ne maganar. Yatsu biyu ake so, in ya yi yawa uku. Ya wuce haka, ɗaure. Bai kai ba, sassauta. Dama da hagu kuma hawa ɗaya za su tsaya, in ba haka ba moto ya riƙa jan mutum gefe yana zagin hanya.

Ba zan iya ce muku ga ranar da na zama mai gyara ba. Hannun Baba na dama ya fara rawa, ƙugiya na zame masa. Yau ya ce riƙe mini, gobe ya ce ja, jibi ya zauna kan tabarma yana faɗa ina yi. Mutane suka yi ta magana, wai Ɗanjuma ya mai da surukarsa makanike. Akwai waɗanda ba su yarda mace ta taɓa musu moto ba. Irin waɗannan Baba kan ce su je tasha su sha shayi su dawo, su dawo su iske an gama, su yi ta sa masa albarka ina bayan zana ina wanke hannu da toka.

Aikin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na Alhaji Mati mai fatu. Ƙauye-ƙauye yake bi yana sayen fatu, ya jibga su a baya har ba a ganin hularsa. Ya zo yana dafe da kwankwaso.

"Ɗanjuma, abin nan ya yi tauri. Kowane rami sai na ji shi a ƙeya. Sassauta mini shi."

"To, Alhaji. Je ka yi salla ka dawo."

Yana fita Baba ya ce, "Ƴar nan, ɗaure. Hawa biyu."

"Baba, sassautawa ya ce."

"Na ji shi. Idona ne ya lalace, ba kunnena ba."

Na ɗaure. Kasuwa ta zagayo sai ga Alhaji da goro a hannu.

"Kai, yanzu kamar katifa! Ban faɗa maka sassautawa yake so ba?"

"Alhaji ai ka san kayanka."

Da ya tafi na ce, "Baba, wannan ba ƙarya muka yi ba?"

Ya ce, "Ciwon baya ya kawo, ciwon baya muka cire. Ƙugun ne ya yi sako-sako, fatu suka danne shi har ƙarshe, ba sauran inda zai nutsa. In ya faɗa rami ƙarfe ke dukan ƙarfe. Shi tauri yake ji, kuma da gaskiyarsa. Amma maganin wannan taurin ɗauri ne. In mai kaya ya ce miki tauri, ki ɗaure."

Na riƙe maganar nan kamar addu'a. Ta yi aiki a kan mahauci, ta yi a kan masu shigo da jarkokin isansi, wato fetur, daga iyaka, ta yi a kan kowa. Ban gama fahimtar yadda mutum zai ce abu a yi masa kishiyarsa ya dawo yana godiya ba, amma tunda tana ci, na daina tambaya.

Sai shekarar nan ta zo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Maigidana bai jira kaka ba ya tafi, bayan tafiyarsa aka rufe iyaka, ba shi ba saƙonsa. Isansi ya yi wuya tunda daga can yake shigowa. Alhaji Mati ya jingine motonsa, don fatu sun yi yawa har ba mai saye. Lokacin soja ke mulki. Ba a tsayawa bakin hanya a yi zancen hatsi, sai dai a ce shekara ta ɗan yi nauyi. Bariki ba nisa da gidanmu, da yamma in aka busa ƙaho za a sauke tuta, duk inda kake sai ka ƙame har a gama, ko da tulu a kanka. An kuma ce moton gwamnati ba mai taɓa shi sai gareji a Damagaram. Amma Damagaram da nisa, sai ma'aikata suka riƙa turo nasu zauren Baba ta bayan layi, mu saki tabarma a ƙofa.

Ina da ƴa ɗaya lokacin, ta fari. Talatu muke ce mata, sunan yankan ba ni ke faɗa ba. Ciki ya shige ni tana kan nono, dole aka yaye ta da wuri, mahaifiyata Inna ta zo ta ɗauke ta zuwa ƙauye kamar yadda ake yi. Tun kafin shukar fari ke nan, kuma ban ƙara ganinsu ba. Kowace ranar kasuwa ina leƙen masu shigowa daga wajen Yauri, amma ba dama in tambaya. Uwa ba ta tambayar ƴar fari a gaban mutane, balle a gidan suruki, sai a ce ba ta da kunya. Sai dai in ce, "Ya mutanen gida?" su ce lafiya lau, in tsaya ina auna yadda suka faɗi lau ɗin.

Wata mai sayar da tabarmi daga garinmu ce ta kawo maganar. Ba ni ta faɗa wa ba, Baba ta faɗa wa, ina tsugune a gefe ina goge kile.

"Baba Ɗanjuma, jikarka fa sai a hankali. Ƙafafu sun kumbura, ta daina tafiya. Ko kuka ba ta yi. Kakar ta ce an ce gidan likita na nan ana ba yara kunu."

"To me ya hana ta kawo ta?"

"A kan me? Jakunan garin na sayarwa an sayar, na mutuwa sun mutu. Mota kuwa ka san ba ta shiga yashinmu."

Na ci gaba da goge kilen, ko da yake ba sauran datti a jikinsa. Cikina ya tsufa, ba zan iya tafiyar ba ko a ƙasa ko a kan wani abu. Baba bai dube ni ba, ya tashi ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya dawo da Garba, gardin gandun daji, abokin maigidana tun suna yara. Shi ke da moton daji na sarwisi, kuma shi kaɗai ne har lokacin bai daina ce mini amarya ba.

"Amarya, an ce kakar Talatu na son yawo a moton gwamnati."

"Haka Baba ya ce, Yaya Garba."

"Gobe zagayena ta can ne. Ko ba ta can ba ne ma, ya zama ta can. Amma ku ji, isansi awo ake ba mu. Kuma kafin a sauke tuta dole moton nan yana bariki, in ba haka ba kumandan ya ci ni ɗanye."

Na so in ba shi ɗan gero ya kai musu, ya ce a'a, in jandarma suka ga hatsi a moton sarwisi cewa za su yi na taimako ya sata. Ke nan zai tafi shi kaɗai, ya dawo da Inna da Talatu goye a bayanta. Baba ya ce dawowar za mu gyara wa, tafiyar Garba ya yi haƙuri da ita.

"Innarki wace iri ce, ƴar nan? Ni inuwarta kawai nake gani in ta zo."

"Mai jiki ce, Baba. Ranar suna mai jakin da ya kawo ta har rantsuwa ya yi ba zai mai da ita ba."

Garba ya ce, "Na tuna! Ita ce ta zauna kan kujerar Sale ta raba ta biyu. Baba, ku ɗaure har ƙarshe, kada gwamnati ta yi asara."

Da babu Inna a wurin, sai muka haɗa ta. Na hau bayan Garba da cikina, aka ɗora mini rabin buhun dusa a cinya. Baba ya gwada da kara, na sauka na ja zobe, na sake hawa. Sai da muka kai hawa na ƙarshe moton ya tsaya a yatsu biyu. Dukanmu muka ce ya yi.

Garba ya tafi bayan asuba. Bayan azahar na ji ƙarar motonsa a bayan layi, na ɗaga tabarma. Shi kaɗai ne.

Baba ya ce, "Ina suke?"

"Suna Yauri, gindin gawon bakin rijiya. Baba, abin nan ya yi tauri. Tun da muka baro garin yake watsa baya kamar ɗan maraƙi. Kowace kunyar gona, kowace saiwa, sai tsohuwar ta tashi sama. Sau biyu ina kamo ta da hannu ɗaya, na biyun sai da kan yarinyar ya kusa taɓa ƙarfen ɗaure kaya. Muna isa Yauri ta sauka, ta ce ko yanka ta za a yi ba ta ƙara hawa. Na gwada juya zoben da dutse, ko motsi."

"Yarinyar fa?" Baba ne ya tambaya.

"Tana numfashi. Isansin da ya rage zai kai ni Yauri ya dawo da ni, sau ɗaya. Ku yi abin da za ku yi."

Baba ya ce, "Tauri ya ce. Dukan ƙarshe yake ke nan. Ƴar nan, ɗaure."

"Baba, matakalar ta ƙare."

"To ƙarfen ya gaji, ko Innarki ta fi yadda kika faɗa. Sai mu yi ciko. Ɗauko guntun bututun nan, mu yanka mu sa a gindinsa."

Ciko sai an kwance sandunan duka biyu, an matse ƙarfe da igiya, aikin da kan cinye yini. Na dubi inuwar ƙofa. Kaina ya kulle. Maganar Baba ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma Garba tauri ya ce, da kunnena na ji. Amma jiya da ni da cikina da dusa yatsu biyu kawai muka nutsar da shi, ta yaya Inna za ta kai shi ƙarshe? Ko ƙiba ta ƙara? A wannan shekarar? Ko kaya ta ɗauko? Na ɗauki tsumma don in goge sandar kamar kullum, na tsuguna, sai hannuna ya tsaya.

Sandar da ke shiga da fita ita ke share kanta. Duk inda ta shige, ƙurar wurin ta tafi, ta bar shi yana ƙyalli. Na Alhaji Mati da ya zo mana, ƙyalli ne tun daga sama har ƙasa, har robar ƙarshe ta tauna. Wannan kuwa jan yashin hanya na kwance a jikinsa lafiya lau, wurin da ya goge bai fi faɗin yatsa ɗaya ba. Na zagaya ɗaya gefen, haka. Na leƙa ƙarƙashin sirdi inda taya kan goga in kaya sun danne, ba alamar komai.

"Baba, bai kai ƙarshe ba. Ko rabi bai kai ba."

"Me kika ce?"

"Kamar ba a ɗauki kowa ba." Na juya wajen Garba. "Yaya Garba, wa ka ɗauko?"

"Wane irin wa na ɗauko? Innarki mana."

"Mai jiki?"

Ya ce, "Amarya, ni ma da na shiga gidan sai da na ce ina matar gidan. Wata ƴar tsohuwa ce siririya ta ce ita ce."

"To ba ita ba ce. Gidan wasu ka shiga. Ƴar wasu ka ɗauko ka ajiye a Yauri!"

"Gida mai tsamiya a ƙofa?"

"Gida biyu ke da tsamiya."

"Mai wushirya. Ta ce mini, kai ɗan nan, jakinka ba shi da tarbiyya."

Bakin Inna ne wannan, amma ban yarda ba tukuna, mata masu baki suna da yawa a garinmu. Sai ya ce, "Akwai awarwaron jan ƙarfe a hannunta na hagu. Ta tura shi har saman gwiwar hannu, ta ɗaure da zare don kada ya zube."

Awarwaron nan tun ina yarinya yake wuyan hannun Inna. Ya shige cikin tsoka har ba ya juyawa. Mun taɓa gwada cire shi da sabulu, ni da ƙanwata, muka haƙura.

Baba ya rarrafo ya miƙa hannu, ya bi sandar da yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya murza yashin tsakanin yatsunsa.

"Sassauta," ya ce.

"Hawa nawa, Baba?"

"Ban sani ba."

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba sai ranar. Dole mu sake haɗa Inna, kuma ni yanzu na fi ta nauyi. Baba ya ce shi zai zauna, shi da ko da can ba jiki gare shi ba. Ya hau, Garba ya girgiza moton da cinyoyinsa ya ce, "Baba, ka fi ta." Muka shiga ɗaga kayan gida Garba na aunawa da hannu. Tulu cike ya yi nauyi. Turmi ya yi nauyi. A ƙarshe rabin buhun dusan nan da na riƙe jiya a matsayin ƙari, shi Garba ya ɗaga ya ce, "Kamar haka, ki ɗora ɗan wani abu." Na ɗora dutsen guga. Ya ce, "Yarinyar kuma?" Na ɗauko jakar kile na aza a kai. Ya ɗaga jakar ya cire manyan guda biyu.

Na maƙala ƙugiya na sauko da zobe, na gwada da kara, bai nutsa ba. Na ƙara saukowa. Sai a hawa na biyu daga ƙasa ya ba ni yatsu biyu, shi ma yawancin nauyin Garba ne. Na daidaita hagu da dama, na rage iskar tayar baya kaɗan saboda yashi. Baba ya warware rawaninsa ya miƙa wa Garba, ya ce ya ɗaure ta a jikinsa.

Garba ya ce, "In ta ƙi hawa fa? Tsohuwar nan rantsuwa ta yi."

Baba ya juyo wajena. A gabansa ban taɓa aika saƙon da ya shafi yarinyar ba. Na ce, "Ka ce da ita ni na ɗaure shi, ni na kwance shi da hannuna. Ka ce ina bakin ƙofa."

A bakin ƙofar kuwa na tsaya, abin da ban saba ba. La'asar ta yi, ta wuce. Mata masu dawowa daga rijiya suna gaishe ni suna duban cikina. Rana ta yi ja. Na ji ƙarar moto daga wajen tasha daidai lokacin da aka busa ƙaho a bariki. Kowa ya ƙame, mai tura amalanke ya ƙame, ni ma na ƙame da ƙafa ɗaya a waje. Can ƙarshen layi Garba ya taka birki ya kashe injin, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya ɗaga hannu ya sara, don da kaki a jikinsa. Yana fuskantata sosai. Ina ganin hularsa, ina ganin farin rawani ya ratsa ƙirjinsa, amma ba na ganin kowa a bayansa. Ba kafaɗa, ba gefen zane, ba komai. Ban sani ba ko ɗaure yake da mutum ko rawanin kawai ya naɗo ya dawo da shi. Ƙahon nan ban taɓa jin ya yi tsawo irin na ranar ba.

Da aka gama ya tada moton ya karkato, sai ga ƙafa a kan matakin baya.

Ni na kwance rawanin, don ƙullin ya cije. Inna ta sauko tana dafa kafaɗar Garba. Ban ce komai a kan jikinta ba, ita ma ba ta ce komai a kan cikina ba. Ta juya mini baya ta sassauta majanyi, na karɓa. Idon Talatu a buɗe yake. Ta dube ni kamar baƙuwa, ta mai da kai wajen Inna. Baba ya ce kada a zauna, a wuce gidan likita tun majo mai duba marasa lafiya bai tashi ba, ya shige gaba da sandarsa kansa ba rawani. Garba ya kwana a tsare a bariki saboda ya makara, da safe ya zo yana cewa amarya ta ci bashin tuwo. Talatu ta sha kunun likita, kumburin ya saɓe, kafin in haihu ta koma takawa tana bin bango.

Inna ba ta koma ƙauye ba sai da aka yi girbi na gaba. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin jakin Garba. Wata rana ina tankaɗe na ji maƙwabciyarmu na tambayarta me ya sa ya yi ta jefa ta da farko, daga baya kuma ya kawo ta lafiya.

Ta ce, "Ƙyuya ce. Bai san ni ba. Da ya je ya dawo sai ya saba."

Ban gyara mata ba, Baba ma bai gyara ba.

To ku da kuke sauri, in kun zo kuka ce mini tauri, kada ku ji haushi in na ce ku kashe injin. Ban san wanne kuke nufi ba. Wanda za ku ɗauka kuma kada ku kwatanta mini shi, ko uwar da ta haife ku ce. Ku je ku zo da shi ya zauna in gani.